Ka ba da aikin, amma makulli ya zauna a hannunka

Tambaya: Ina da ɗan kamfanin rarraba kaya, ma'aikata bakwai da kwamfuta biyar. Lissafinmu da bayanan abokan ciniki duk a cikinsu suke. Wani kamfani ya ce in riƙa biyansa duk wata ya kula da komai. In sakar musu, ko in ɗauki ma'aikaci na dindindin?

Alhaji, kwamfuta biyar ba su kai a ɗaukar musu mai albashi ba, rabin yini zaman jira zai yi. Ka ba kamfanin aikin. Kalmar "komai" ɗin ce dai ban yarda da ita ba.

Adireshin shafinku na intanet, imel ɗin kamfani da manhajar lissafi, duk a yi musu rajista da sunanka da lambar wayarka. Babbar kalmar sirri kai za ka riƙe. Su kuma a buɗe musu asusu nasu daban, wanda za ka iya rufewa da hannunka ranar da kuka raba gari. Wanda ya bari aka yi rajistar da sunan mai gyara, idan saɓani ya shiga, sai ya koma yana roƙon abin da ya saya da kuɗinsa, imel ɗin da abokan ciniki suka san shi da shi yana hannun wani.

Sannan ka matsa musu kan ajiyar bayanai: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da ofis. Kada ka tsaya a "mun ajiye". Ka zauna gefensu, ka goge fayil guda, ka ce su dawo da shi kana kallo. Nan za ka gane ko sun san aikinsu.

Sabunta manhaja ma ba wasa ba ne. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda suka yi sakaci da shi ne suka sha wuya. In kuna kan Windows 10, tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, ka tambaye su shirinsu.

Akwai abin da babu mai gyaran da zai ɗauke maka. Saƙo zai shigo kamar daga mai kawo muku kaya, ya ce sun canza lambar asusun banki. Ka kafa doka: ba a tura ko sisi sai an kira shi a tsohuwar lambar da kuka sani. A kuma kunna tantancewa mai mataki biyu a kowane imel, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ta zo waya.

Kafin ka sa hannu, a rubuta cikin awa nawa za su amsa idan aiki ya tsaya, da yadda za su miƙa maka bayananka idan kun rabu.