Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ya Ce Nijar Ce Ta Ƙarshe?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maradi, atamfa da shadda nake sayarwa. Kullum rediyo na cewa Nijar na cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. To ga yuraniyom a Arlit, ga man fetur a Agadem, ga manyan motoci na tsallaka Ɗan Issa dare da rana. Wa ke auna mu, kuma da wace tiya? Abin na yi mini zafi.

Amsa: Ƙanena, ni ma yana yi mini zafi, shi ya sa na bi diddigin maganar. Awon ba ɗaya ba ne.

Na farko na Bankin Duniya ne. Ana haɗa duk abin da ƙasa ta samu a shekara, a raba da yawan jama'arta, a mayar dalar Amurka. Kar ka haɗa ta da dalarmu ta tamma biyar. Ranar 1 ga Yulin kowace shekara bankin kan sabunta rabon ƙasashen duniya aji huɗu. A 2024, ƙasar da rabon mutum ɗaya bai wuce dala 1,145 a shekara ba tana ajin ƙasa, wadda ta haura 14,005 tana ajin masu arziki, sauran biyun na tsakiya. Dala 1,145 ɗin nan ba ta kai jaka biyu a rana ba, mu kuwa ko dala 700 ba mu kai ba. Nan amsarka take game da Arlit da Agadem: kuɗin na da yawa a ido, amma kaso ake yi. A 1960 ba mu kai miliyan 4 ba, yau mun wuce miliyan 25. Tuwon ya ƙaru, hannuwan da ke cikin ƙwaryar sun fi shi saurin ƙaruwa.

Wannan awo yana da makanta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ba ya faɗin wa ya ƙoshi. Najeriya na aji ɗaya sama da mu, amma ka shiga ƙauyukan Jibiya ka dawo na Madarunfa, ka gaya mini bambancin furarsu. Sannan cinikin da kuke yi da baki da amana, ba rasit ba takarda, kintatarsa kawai masu ƙididdiga ke yi.

Wanda kake ji a rediyo kuwa shi ne na hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka soma a 1990 bisa tunanin wani masani ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq. Shi ya ce kuɗi kaɗai ba su isa ba, a haɗa da tsawon rai da karatu. A rahoton 2020 mun zo na 189 cikin 189. Ta fannin tsawon rai mun yi tafiya, daga ƙasa da shekara 40 lokacin ƴancin kai zuwa sama da 60. Karatu ne ke jan ƙafarmu: in aka raba shekarun lakwal na manyanmu, kowa ba ya samun ko shekara 3. Ina da ƙorafi a nan, don makarantar allo ba ta shiga wannan lissafi, alhali dattijon da ke rubuta bashinsa da ajami ba jahili ba ne.

Amma ƙorafina bai hana ni ganin abin da na gani ba. Na koyar a wani ƙauye ta wajen Dakoro, a ajin zana. Yara na zaune kan buhun da aka farke, kowa da ɗan allonsa a kan gwiwa. In iska ta taso sai mu tashi, don rairayi na cika ido. Ajin ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, watanni sun riga sun tafi. Akwai wata yarinya da ta fi kowa lissafi, tana gama jimla kafin in ajiye alli. Shekara ta biyar na kira sunanta, ƙawayenta suka ce an kai kayanta. Kai ma ba ka manta Nuwamban 2021 ba, da gobara ta ci yara sama da 20 a irin waɗannan ajujuwa, nan cikin garin Maradi. Babu baƙon da ya ƙirƙiro mana wannan.

Akwai kuma jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da Majalisar ta kafa a 1971, muna ciki tun ranar farko. Ana fita: Botsuwana ta fita a 1994, Kap Bad a 2007. Ni dai a ganina, ƙanena, lambar da ke hannunka da hannuna ita ce ta karatu. In kana da ƴa a lakwal, ka bar ta ta gama kwaleji.