Tambaya da Amsa: Tsofaffin Wasannin Kurkukun Ƙarƙashin Ƙasa, Daɗinsu da Wahalarsu

Saƙonnin wannan makon sun karkata ga wani nau'in wasan kwamfuta da ya girmi yawancin masu aiko da su, wato wasannin da mutum ke jagorantar ayarin jarumai zuwa cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, yana faɗa da dodanni, yana neman mabuɗai da abinci da hanyar fita. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, domin amsar kowanne tana taimaka wa ɗan'uwansa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana yana da kwamfuta mai ƙarfi, amma duk lokacin da na leƙa sai in tarar yana buga wani tsohon wasa wanda ba abin da ake gani a cikinsa sai bangon dutse hagu da dama da ɗan rubutu a ƙasa. Wane irin wasa ne wannan, kuma wane daɗi ake ji a cikinsa? (Daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Tushen abin da ka kwatanta wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. 'Yan wasa kan zauna da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu lambobi irin na ludo, mutum ɗaya yana bayyana musu abin da ke gabansu, wani kuma yana zana taswirar inda suka bi. Ba a daɗe ba ɗaliban jami'a suka ɗora wa kwamfuta aikin mai bayanin. A 1980 aka sami Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka soma, inda alamar @ ce jarumi, haruffa kuma su ne dodanni. A 1981 Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka fitar da Wizardry a kan kwamfutar Apple II, mai ayarin mutum shida da kurkuku mai hawa goma, kowane hawa gurbi 20 a tsaye, 20 a kwance. Ana tafiya a cikinsa gurbi-gurbi kamar ana dara: taku ɗaya gaba, ko juyi hagu, ko juyi dama.

Bangon da ka gani babu ado yana da dalili. Ƙwaƙwalwar irin waccan Apple II kilobait 48 ce, faifanta kuma yana ɗaukar kilobait 140, alhali hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan faifai fiye da sau goma. Da yake babu wurin zuba zane-zane, sai masu ƙirƙira suka zuba basirarsu a cikin dokokin wasan, kuma a nan daɗin yake. Ka sauka hawa na uku, mutum biyu a ayarinka sun ji rauni, mai warkarwa ya kusa ƙarar da ƙarfinsa, jaka ta cika da zinariya, ga kuma wata ƙofa a gabanka wadda ba ka buɗe ba. Ko ka koma gari da abin da ka samu, ko ka buɗe ƙofar ka yi asarar komai, ko kuma ka tarar da takobin da zai sauya maka wasan. Lissafi ne irin na falke da ke auna ruwan salkarsa kafin ya bar bakin rijiya, kuma babu wanda zai yi maka shi. Dungeon Master, wanda kamfanin FTL ya fitar a 1987 a kan kwamfutar Atari ST, ya ƙara wa wannan fargaba ƙarfi, domin a cikinsa dodanni ba sa jiran ka gama tunani, fitilar hannunka tana dusashewa sannu a hankali har duhu ya rufe ka, yunwa da ƙishirwa kuma suna cin ayarinka ko da a tsaye kake wuri guda.

Ni dai a ganina, abin da ke riƙe yayanka shi ne cewa duk abin da ya samu a wasan da guminsa ya same shi. Mayaƙin da ƙaramin dodo ya kusa kashewa a ranar farko shi ne zai tsaya gaban babban dodo bayan mako uku, kuma mai wasan yana tuna kowane mataki na wannan girma. Mutanen Japan sun ji wannan daɗi ƙwarai, shi ya sa tasirin Wizardry ya bayyana a Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na soma Eye of the Beholder, amma na kwana uku ina zagaye a hawa guda. Ina bin lungu a miƙe sai in ga na dawo inda na baro. Kwafin da nake da shi ne ya lalace, ko kuwa? (Daga Maraɗi)

Amsa: Kwafinka lafiyarsa lau, ɗan'uwa, tarko ka taka. A wannan wasa na kamfanin Westwood, wanda ya fito a 1991 da hawa 12 a ƙarƙashin birnin Waterdeep, akwai gurabun da ke juya ayarinka ba tare da sanarwa ba, kuma da yake bangon gaba da na baya kamarsu ɗaya, sai ka ci gaba da tafiya kana komawa inda ka fito. Akwai kuma gurabun da ke ɗauke ka su ajiye ka wani sashe, da bangayen bogi da ake ratsawa, da ƙananan maɓallai da aka ɓoye a jikin dutse. Maganin farko shi ne kamfas ɗin da ke ƙasan allon wasan: ka dube shi bayan kowane taku a lungun da kake zargi, da zarar arewa ta koma kudu ka san ka taka gurbin, sai ka juya ka daidaita fuskarka. Magani na biyu shi ne ka yar da wani abu maras amfani, kamar dutse, a kowace mararraba, domin idan ka sake ganinsa ka tabbata zagaye kake yi.

Babban maganin kuwa taswira ce. Ka nemi littafin lissafi na 'yan firamare mai gida-gida, ka ɗauki kowane gida a matsayin taku ɗaya, ka soma daga tsakiyar shafi tunda ba ka san ta inda hawan zai faɗaɗa ba, ka yi amfani da fensir domin za ka yi gogewa da yawa. Ka ware alama ga ƙofa, da matakala, da rami, da maɓalli, ka kuma rubuta duk wani rubutu da ka karanta a bango, saboda sau da yawa shi ne amsar wata matsala da ke jiranka can gaba.

Na san akwai masu ganin wannan aiki ɓata lokaci ne, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, musamman ga mai iyali da ba ya samun fiye da rabin awa da dare. Amma ina roƙonka ka gwada hawa ɗaya tak da hannunka kafin ka nemi taswirar wani a intanet. Wurin da ka zana da kanka yana zama a kanka kamar lungunan unguwarku, har ka riƙa lura cewa akwai wani fili a tsakiyar takarda da babu hanyar shigarsa, ka gane lallai akwai ɓoyayyar ƙofa a kusa. Masu ƙirƙira na baya-bayan nan sun fahimci darajar wannan. Etrian Odyssey, wanda Atlus ya fitar a 2007 a kan Nintendo DS, na'urar wasa ta hannu mai allo biyu, ya mayar da allon ƙasa na na'urar takardar zanen taswira, Legend of Grimrock na 2012 daga ƙasar Finland kuma yana zana maka taswira da kansa, amma ya bar zaɓin kashe ta ga mai son tsohon salo.

Tambaya: Malam, gaskiya raina ya ɓaci. Na shafe sama da awa biyu a cikin kurkuku, aka ɗauke wuta, komai ya tafi, saboda wasan ba ya bari a adana sai an koma gari. A wani wasan kuma jarumina ya mutu, wasan ya goge shi gaba ɗaya. Wannan mugunta ce ko rashin iya aiki? (Daga Katsina)

Amsa: Ka yi haƙuri, Malam, ni ma hakan ta taɓa faruwa da ni, kuma na daɗe ban sake buɗe wasan ba. Sai dai abubuwa biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hana adanawa sai a gari, kamar yadda The Bard's Tale na 1985 ya yi, inda sai ka koma zauren ƙungiyar jarumai a garin Skara Brae, an tsara shi ne ga mutumin da wutarsa ba ta yankewa, a zamanin da faifai ke da ƙaranci da jinkiri. Haka nan tilasta wa mutum ya yi ta maimaita faɗa da ƙananan dodanni na sa'o'i kafin ya iya matsawa gaba, da tambayar da wasanni da yawa ke yi ta cewa a rubuto kalma ta kaza daga shafi na kaza na littafin jagora domin hana satar kwafi, duk wahalhalu ne da ba su ƙara wa mai wasa wayo ko kaɗan. Irin waɗannan ba na jin nauyin cewa a kauce musu. Sabon bugun The Bard's Tale na 2018 ya zo da taswira mai zana kanta da damar adanawa a ko'ina, kuma ban ga abin da wasan ya rasa ba. Ga wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, wasa a laftof mai batir mai kyau, da zaɓen bugun da ke adanawa a ko'ina, hankali ne kawai.

Mutuwar da ba a dawowa kuwa da gangan aka gina ta, kuma ita ce ginshiƙin Rogue da zuriyarsa irin su NetHack na 1987. Wasan yana sake tsara kurkukun duk lokacin da aka soma, yana kuma sauya launin kwalaben magani, ta yadda jan da ya warkar da kai jiya zai iya zama guba yau. Da ana iya komawa baya bayan kowane kuskure, da sai mutum ya shanye kowace kwalba ya ga aikinta sannan ya loda ajiyarsa, fargabar da ke sa shi tunani kuma ta mutu. A nan abin da ke girma shi ne ilmin mai wasan, domin jarumi ya tafi amma darasin ya zauna. Wizardry ya tsaya tsakani, kuma na yarda ya tsananta: ana kai gawar jarumi wurin bauta a biya zinariya, idan yunƙurin tayar da shi ya gaza sai ya zama toka, idan ya sake gazawa ya tafi ke nan, idan kuma ayarin duka ya halaka a ƙasa sai ka horar da wani ayari ya je ya kwaso su. Wanda bai shirya wa wannan ba, kada ya fara da shi.

Tambaya: Ina wuni Malam. Ina so in gwada, amma tsohon wasan da na samu ya ƙi buɗewa a Windows, wayata kuma ƙaramar Android ce. Ta ina zan fara? (Daga Kumasi)

Amsa: Lafiya lau, 'yar'uwa ko ɗan'uwa, tunda saƙon bai nuna ba. Windows mai bit 64 ba ya gudanar da manhajojin DOS, tsarin tsofaffin kwamfutoci, kai tsaye, saboda haka ana buƙatar manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, wato DOSBox, wadda kyauta ce. Idan wasan yana cikin jakar da aka sa wa suna wasanni a faifan C, sai a rubuta mount c c:\wasanni, sannan a rubuta c: a shiga, a kira sunan fayil ɗin da ke tayar da wasan. Idan yana gudu fiye da kima a danna Ctrl da F11 a rage masa sauri, idan yana jan ƙafa a danna Ctrl da F12, Alt da Enter kuma suna cika allo. Mai son sauƙi zai iya sayen wasan a GOG, inda ake sayar da irin waɗannan an riga an haɗa su da DOSBox. Manhajar ScummVM ma, wadda ke da bugun Android, tana gudanar da Eye of the Beholder na ɗaya da na biyu idan akwai fayilolin wasan na asali, kuma tana ba da gurabun adanawa da yawa, alhali bugun DOS na wasan farko guda ɗaya kacal yake da shi. Sai dai ƙananan maɓallan da ke jikin bango suna da wuyar taɓawa da yatsa a ƙaramin allo, don haka na fi son a buga shi a kwamfuta. A guji sauke fayilolin APK daga shafukan da ba a sani ba da sunan tsohon wasa, domin ta nan miyagun manhajoji ke shiga waya.

A ƙaramar waya kuwa shawarata ita ce Shattered Pixel Dungeon na Evan Debenham, wanda ya gina shi a 2014 a kan wani wasa mai suna Pixel Dungeon. Kyauta ne a Android, ba ya cin wuri sosai, ba ya buƙatar data bayan an sauke shi, kuma dodanni ba sa motsi sai an motsa, don haka ana iya ajiye wayar a je salla a dawo a ci gaba. Yana da hawa 26 da babban dodo a kowane hawa na biyar. Mutuwa a cikinsa ba a dawowa, amma yana da adalci: mabuɗin ƙofar da aka kulle yana nan a hawan da ƙofar take, idan kuma aka ga ɗakin da aka tare da katako ko aka cika da tarkuna, kwalbar da za ta buɗe hanyar tana wani wuri a wannan hawan. A fara da mayaƙi, a leƙa kowane ɗaki kafin a sauka, a yi faɗa a bakin ƙofa domin dodanni su zo ɗaya bayan ɗaya, idan kuma hanya ta ƙare ba a ga matakala ba, a tsaya kusa da bango a yi amfani da alamar madubin bincike, ɓoyayyar ƙofa za ta bayyana.