Amsa ga Mama kan aladun da ke tari

Toh sannunku 'yan guruf, ina kwananmu. Mama na ji muryarki, kince tunda hunturu ya shigo kika rufe ɗakin aladu da tamfol ko'ina, yanzu suna ta tari idonsu na ruwa. Mama tamfol ɗin nan shi ne matsalar, don Allah yau ɗin nan ki buɗe sama.

Kinga fitsari da kashinsu in suka haɗu a ƙasa suna fidda wata iska, amoniya, ita ce wannan warin mai yaji da ke sa mutum hawaye, toh ke kina shiga minti 5 ki fita, su kuwa hancinsu na ƙasa dare da rana suna shaƙa, tana cinye musu hanyar numfashi sai ciwon huhu ya samu ƙofa. Ga ƙurar dusa, ga tururin numfashinsu da ba inda zai bi. In kin shiga da asuba kika ga ruwa na ɗiga daga kwano, iska bata fita kenan.

Iska mai zafi sama take yi, shi yasa dole a bar mata hanya a ƙololuwar rufi, sabuwa kuma ta shigo ta gefe, sama da bayan aladen, kada ta buge su kai tsaye. Ki rufe ɓangaren da hunturu ke bugowa kawai, gabas da arewa. Manya ba sanyi ke damunsu ba, zafi ne, don alade baya gumi kamar mu. Jarirai ne masu son ɗumi, wajen digiri 30 a satin farko, su ki musu akwati a lungu da busasshiyar ciyawa da kwan fitila.

Gwaji mai sauƙi, ki kunna igiyar leƙo ki durƙusa daidai tsayinsu ki kalli hayaƙin, in ya tsaya yana yawo wuri ɗaya toh da sauran aiki.

Masu ramin tara kashi a ƙarƙashin ɗakin aladu kuma ku kula, ranar kwashewa ku fidda dabbobi ku buɗe ko'ina, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga ramin tana kashe har mutum.

Masu tarin ki ware su ki kira likitan dabbobi Mama, kada ki ce bari ki kai su kasuwar Kafanchan ranar Alhamis a haka.