Baƙon da ba ya cin nama

Ka tambaye ni, yarona, idan baƙo ya shigo gidan abinci ya ce ba ya cin nama, ko za ka iya tsame naman daga miya ka miƙa masa. A'a. Miyar da aka ɗora da romo miyar nama ce ko da babu tsoka ɗaya a cikinta, kuma wanda ya daɗe rabonsa da nama tun a lomar farko zai gane. Mutum ya ba ka amanar cikinsa, kada ka ci amanar.

Ka fara da tambayarsa: kifi fa? Ƙwai fa? Nono da man shanu? Yawancin Indiyawa masu ƙaurace wa nama suna shan madara, suna cin man shanu, amma da yawansu ba sa taɓa ƙwai. Mabiya addinin Jain kuwa har albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci. Abin da ya faɗa maka ka rubuta a takardar oda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka.

Inda nama ke ɓuya shi ne wurin da yara ke faɗuwa: dunƙulen ɗanɗano mai kaza, garin busasshen kifi da ake zubawa a miyar kuka, man da aka soya kaza a ciki sannan aka jefa doya, da ludayin da ya fito daga farfesu. Ka ware tukunya ɗaya, ludayi ɗaya da kaskon suya ɗaya, ka ɗaura musu koren zare a hannu don kowa ya gane su.

Sauran aikin shi ne samo daɗin da romo ke bayarwa. Ɗauki miyar taushe ta mutum 10. Kabewa kilo 1 da rabi, tumatir 8, tattasai 5, attarugu 3, albasa manya 3, daddawa 4, markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwanin madara 2, manja ludayi 1. Albasa biyu za ka yanka ka soya a wuta kaɗan, minti 15, har ta yi ja ta saki zaƙinta. Idan ka cika wuta za ta ƙone ta baki, cikinta ɗanye, miyar ta yi ɗaci. Sai kayan miya, ka soya har ruwan ya ƙafe mai ya taso. Daddawar ka daka ta da citta da masoro ka zuba tun a nan, domin ita ce ke tsayawa a madadin romo, kuma in ta shiga a makare warinta ne zai fito, ba daɗinta ba. Kabewar ka dafa daban ka dame ta, ka juye har da ruwan dahuwarta. Gyaɗa kuwa sai an dama ta da ruwan ɗumi, in ba haka ba gudaji za ta yi. Da ta shiga ka rage wuta kana juyawa, don saurin kama gindin tukunya gare ta. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne ƙarshe, minti 5 ka sauke.

Baƙo yana son abin taunawa, nan awara ke shigowa. Ka jiƙa waken suya awa 6 zuwa 8, ka markaɗa, ka tace, ka tafasa madarar, sannan ka riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ta tsinke ruwan ya yi garau. Tsami ya yi yawa, ta yi tauri da gafi. Ya yi kaɗan, ta ƙi haɗuwa ta wargaje a mai. Ka matse ta a kyalle, ka danne da abu mai nauyi awa 1, ka yanka ka soya ba tare da tsoma ta a ƙwai ba. A minti 5 na ƙarshe za ka jefa ta cikin miyar ta sha.

Ranar da baƙo ya zo ba ka shirya ba, akwai ɗanwake da mai da yaji, wake da shinkafa, ƙosai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Sai dai ka bincika wane dunƙule aka daka a yajin. Alale kuma kada ka miƙa sai ka tambayi wanda ya ƙulla shi ko ya sa kifi ko ƙwai a ciki.