Gidan kakanmu na ƙasa: in fanshe shi ko in bari a rushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan kakanmu ne a wajen ganuwar Kano, ginin tubali, da zaure mai bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi) da zankwaye a kan soro. An raba gado, 'yan'uwana suna so a sayar wa wani mai gina shaguna. Ina da kuɗin da zan fanshi rabonsu, amma maiɗakina ta ce zuba kuɗi a gidan ƙasa asara ce. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kafin ka fitar da ko sisi, shiga zauren nan ka ɗaga kai. Azarar da ke riƙe da rufin ita ce gidan. Itacen giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba, ruwa ne ajalinta. In ka ga ta yi baƙi a inda ta shiga bango, ko bakan gizon ya tsage daga tsakiya, to aikin babba ne. In kuwa tana nan garau, ina ganin ka saya.

Maiɗakinka ba ta yi ƙarya ba. Gidan ƙasa kamar doki ne, ciyar da shi ake yi. Yana son yaɓe kafin damina, yana son a share indararo, kuma maginan da suka iya haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa, wadda ake shafa wa gini don kare shi daga ruwa, sun yi ƙaranci, ladansu ma ba na wasa ba ne. Amma ka ɗauke ta ku je Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya zauna. Shi ma wajen ganuwa yake, shi ma ƙasa ce, ga shi ya haura shekara 100 yana tsaye. Ku shiga da tsakar rana a watan Afrilu, ta ji sanyin ɗakin da jikinta.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada wani ya ruɗe ka da filastar siminti wai don a huta da yaɓe. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi zai taru a bayansa yana cin tubalin ba ka sani ba, sai ranar da ya ɓallo falle guda. Na ga zaure mai zanen dagi da aka yi wa haka, damina uku bai kai ba.

Batun farashi kuwa, mai shaguna fili yake saye, ginin ma kuɗin kwashe ɓaraguzai zai ci masa. Don haka ka biya 'yan'uwanka kuɗin filin yadda yake a unguwar, kada ka nemi ragi da sunan zumunci. A rubuta gaban mai unguwa da shaidu, kowane magaji ya sa hannu, har gwaggonninka da ke gidan aure.

Kuma in da hali, ka jinkirta cinikin zuwa Agusta. Ka kai tsohon magini washegarin ruwa mai ƙarfi, ya hau soron ya ga inda ruwa ke kwanciya.