Me ya sa ba a cewa hagu da dama a jirgin ruwa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa a jirgi ba a yarda mutum ya ce hagu ko dama ba, sai dai sitabod da fot, kuma wa ya ƙirƙiro waɗannan sunaye masu karya harshe. To zauna ka ji.

Hagu da dama naka ne, ba na jirgi ba. In kana kallon goshin jirgi ni kuma ina kallon bayansa, hannunka na dama shi ne nawa na hagu. Kyaftin ya daka tsawa a saki igiyar dama, ta wa za a saki? Shi ya sa aka laƙaba wa jirgin kansa suna. Sitabod shi ne gefen da ke damanka idan ka fuskanci goshi, fot kuma na hagu. Ko ka juya, ko ka kwanta, suna nan inda suke.

Sunan sitabod ya girmi inji nesa ba kusa ba. Jiragen mutanen Norwe da Denmak da Ingila na da, da wani ƙaton filafili ake juya su, a ɗaure a gefe ta can baya. Da yake yawancin mutane da dama suke aiki, a dama ake ɗaure shi. In ka taɓa ganin Basarke a Yawuri zaune a ƙarshen kwalekwale yana karkata shi da filafili, to ka ga aikin. Kalmomi biyu ne na tsohon Turanci aka haɗe, ɗaya tuƙi, ɗaya gefen jirgi, wato gefen tuƙi. Tushenta ɗaya da sitiyarin da direbobinmu ke riƙewa. Haka ma sitan, sunan da muke kiran bayan jirgi, daga kalmar tuƙi ya fito, don a nan matuƙi ke tsayawa.

Tunda filafili yana dama, ba mai jingina wannan gefen da gaɓa, kada ya karye. Hagu ake jinginawa, ta nan ake lodi ana sauke kaya. A da labod ake ce masa, wanda masana ke fassarawa da gefen lodi. Yanzu ka faɗi labod da sitabod da ƙarfi, cikin iska da rugugin ruwa, ka ji ko wanda ke nesa zai bambance. A 1844 rundunar ruwan Ingila ta hana faɗin labod, ta ce fot za a riƙa cewa, ta Amurka ta bi sahu a 1846. Fot tashar jirgi ke nan, gefen da ke kallon tasha. Ita ce dai kalmar da ke farkon Fatakwal. Jirgin yau kowane gefe yana iya jinginawa, amma sunan ya zauna.

Wannan ba labarin hira ba ne kawai, da shi za ka yi aiki. Da dare fitilar fot ja ce, ta sitabod kore. Kwalekwalen ceto mai lamba 1 ko 3 yana sitabod, mai 2 ko 4 yana fot. A dokar hana karo ta 1972, idan jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ya ga ɗan'uwansa ta sitabod ɗinsa shi ke kaucewa. In kuwa sun yi gaba da gaba, kowa ya karkata sitabod. Yaron da sai ya tsaya ya dubi hannunsa kafin ya gane gefe, ni ban yarda a ba shi gadin dare ba.

Birij kuma, inda kyaftin ke ba da umarni, ma'anarsa gada. Kana ganin ɗaki mai gilasai ka ce ina gadar take? A zamanin jirgin iska, wato jirgin ruwan da iska ke turawa, daga bayan jirgi ake ba da umarni. Da jiragen tururi suka zo a ƙarni na 19, masu manyan ƙafafun filafili biyu, ɗaya kowane gefe, sai rumfunan ƙafafun suka tare wa kyaftin gani. Aka shimfiɗa masa gada daga wannan rumfa zuwa waccan, yana kai da komo a kai. Ƙafafun sun tafi, farfela ta maye gurbinsu, sunan gada bai tafi ba.

Akwai wanda ke ba yara dariya. Tsofaffin ma'aikatan jirgi hed suke ce wa banɗaki, wato kai, saboda a jirgin iska can goshi ake zagayawa. Iska daga baya take turo jirgi, sai ta yi gaba da wari, ruwa kuma ya wanke wurin.

Saura foksil, inda na tura ka shafa giris. Cikakken sunan yana nufin soron gaba, bakin ma'aikata ne ya tauna shi ya gajarce. Jiragen yaƙin Turai na wajen ƙarni na 13 da 14 suna da wani dogon soron katako a goshi, wani a baya, inda 'yan baka ke tsayawa suna harbo abokan gaba daga sama. Daga baya soron ya yi ƙasa, ƙarƙashinsa ya zama makwancin ƙananan ma'aikata, wuri mafi jijjiga da laima a jirgi. Yau injin anka da sarƙarsa ne a wurin, anka kuwa shi ne ƙarfen da ake saki cikin ruwa ya riƙe jirgi. In za a saki anka kada ka tsaya saitin sarƙar, ka koma bayan mai riƙe da birki, ka sa tabarau, don tsatsa da busasshen laka suna fallatsa har ido.