Hilux ɗina na ƙara da asuba, bakanike ya ce a sauke inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Hilux mai shan gas (dizal), ƙirar 2012, ina ɗauko dankali da ita daga Bokkos zuwa Jos. Tun shigowar sanyi, in na tayar da ita da asuba sai ta riƙa ƙwas-ƙwas-ƙwas da ɗan farin hayaƙi, amma da ta ɗauki zafi sai ƙarar ta ragu sosai. Bakanikena a Farin Gada ya saurara bai fi minti biyu ba, ya ce metal (ƴan ƙarafan da karanshaf ke juyi a kansu) ya tafi, sai an sauke inji an kai karanshaf (sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa) wurin gyara. Kuɗin da ya yanka ya tayar min da hankali, kuma zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba. Wani abokina kuma ya ce in zuba baƙin mai mai kauri da maganin kashe ƙara, za ta yi shiru. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna.

Kokwantonka yana kan hanya. Ƙarar metal ba ta sauƙi don inji ya yi zafi, ƙaruwa take yi, domin baƙin mai na tsinkewa da zafi, ratar da ke tsakanin metal da karanshaf ta ƙara bayyana. Sautinta mai nauyi ne, dum-dum daga ƙasan inji, ya fi fitowa in ka taka wuta da kaya a baya, sau da yawa kuma fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in motar na silo. Abin da ka kwatanta, ƙara mai kaifi daga sama da farin hayaƙi, mai lafawa in an ɗumama, ya fi kama da matsalar ƙonewar gas: nozul da ba ya fesa mai daidai, ko hita (filogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da inji) da ta mutu. Jos tana kan tsauni, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba sai na ba ka labari ba. A irin wannan asuba gas kan yi jinkirin kamawa, ya taru, sannan ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewar ce kake ji. In kana shan gas ɗin jarka a bakin hanya, wanda aka surka da kalanzir ko ruwa ya shiga, to ka ƙara wa nozul ɗinka wahala.

Ban ce bakanikenka maƙaryaci ba ne, ban ji motar da kunnena ba. Amma kunne kaɗai ba ya yanke hukuncin sauke inji. Ka ce ya ɗaura gejin awo ya gwada ƙarfin baƙin mai bayan inji ya yi zafi sosai. A juye man a kwano mai tsabta, ka duba shi a rana da idonka, a yanka matatar man a buɗe takardar cikinta. In metal na cinyewa za ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe. A sa kwamfuta a karanta yadda kowane nozul ke aiki, a auna man da kowanne ke mayarwa baya, a gwada hita ɗaya bayan ɗaya. In har yanzu ana zargin metal, a kwance kaskon ƙasa a duba, inji na zaune a wurinsa. Duk wannan bai kai aikin yini ba.

Wani abu kuma, in ka ga ya ɗauko sifana zai sassauta bututun nozul inji na aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci, ka hana shi. Ƙarfin gas a bututun irin wannan inji na iya haura bar 1,000 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), alhali iskar tayar motarka ba ta wuce bar 2 zuwa 3. Tsirin man na iya huda fata ya shige cikin nama.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi ci min rai, domin kullum sai an kawo min gawar inji saboda ita. Mutane sun ɗauka in ƙara ta ɓace to ciwo ya warke. Wa ya gaya musu? Mai kauri yana cika rata ne ya danne sauti, kamar ka toshe bakin majinyaci don kada ka ji nishinsa. Ƙarfen da ya cinye ba ya tsirowa don an zuba masa abu mai yauƙi. Wasu ma ba sa tsayawa a nan, man giya suke ɗurawa, musamman in mota za ta kasuwa, mai saye ya ji inji luf-luf ya biya, bayan sati biyu ya kwana a hanyar Akwanga.

Ka tsaya ka yi tunanin abin da ke faruwa da asuba a garinku. Man ya kwana cikin sanyi ya yi kauri, ka ƙara masa wani kaurin. Ka murɗa makulli, famfo na fama ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa saman inji da turbo (fankar da ke cusa wa inji iska), wanda ke juyi sama da sau 100,000 a minti in yana aiki. Daƙiƙun da man ya makara, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Wato maganin da aka ce zai ceci metal shi ne zai fara cin sa. Kuma in matsalarka nozul ce, me ya haɗa ta da baƙin mai? Nozul ɗin zai ci gaba da tsiyayar da gas, yana wanke jikin silinda, yana sauka cikin man yana lalata shi, wata rana ya tsaga fistin ko ya huda shi. Irin injin nan kuma yana da ƴan wosha na jan ƙarfe a gindin kowane nozul. In suka saki, baƙin hayaƙi na shiga cikin mai ya daskare a rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, mai ya daina hawa. A nan ne metal ke tafiya da gaske, kai kuwa kana murna mota ta yi shiru.

Abin haushi, masu ba da wannan shawara ba su taɓa buɗe littafin motar ba. Injiniyoyin da suka ƙera injin sun rubuta kaurin man da ya dace, sai wani a ƙarƙashin bishiya ya shafa mai tsakanin yatsu biyu ya ce wannan ruwa ne, Oga, ba zai riƙe inji ba. Kai kuma ka miƙa masa abin da kake ci da iyalinka da shi. Jama'a, mu ji tsoron Allah da dukiyar mutane. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba abin kunya ba ne.

Ka zuba man injin gas mai kaurin da littafin ya faɗa, ka saye shi a wurin da ka amince, da sabuwar matata. Ka canza matatar gas, ka zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Da asuba ka jira fitilar hita ta mutu kafin ka tayar. Kafin a gama gwaje-gwajen nan ka rage lodi. In kuma fitilar mai ta kama kana tafiya, ko ƙarar ta koma mai nauyi bayan inji ya yi zafi, ka kashe motar nan take ka nemi a jawo ta, ko da gareji na gabanka kaɗan.